Baƙuwar Rijiya ta Tara

Shekara bakwai Malama tana kiwon abin da ido ba ya gani. Ƙwayar bakteriya ce da ta samu cikin ɗanyen man da aka ɗebo daga rijiya ta tara, mai zurfin kilomita uku. Ta sa mata suna Baƙuwa.

Baƙuwa ta cinye mata ƙuruciya. Bayanta ya sankare a gaban na'urar duba ƙwayoyi, tabaraunta ya ƙara kauri, mijinta har ya gaji da tambayar yaushe za a gama. Jibi za ta kare digirinta na uku, kuma littafin gaba ɗaya a kan magana guda ya tsaya: wannan halitta tun fil azal a ƙarƙashin ƙasa take, ba ta taɓa haɗuwa da ɗan Adam ba.

Halin Baƙuwa ne ya ba kowa mamaki. Ba ta son iska, wannan daidai ne ga mazauniyar ƙarƙashin ƙasa. Amma 'yan'uwanta na cikin mai sai a zafin da zai dafa ƙwai suke walwala, ita kuwa ɗan ɗumi take so, kamar na jikin mutum. In ta ga sukari kuma, ba ta da kunya. Injin da zai tantance danginta ya lalace tun kafin a ɗauki Malama aiki, har yau ana jiran mai gyara.

Da la'asar Malama ta ja ƙafa zuwa gidan Baban Rijiya, tsohon ma'aikacin da ya cika mata kwalaben gwaji da hannunsa, don ta nuna masa sunansa a shafin godiya. Ta tarar da shi dafe da kunci, ruɓaɓɓen haƙorin nan dai da ya ƙi cirewa.

"'Yata, kin rame," ya ce. "Zauna ki sha ruwa."

"Gajiya ce kawai, Baba. Ba don kai ba, da ban samu komai ba."

Ya ɗauko kofi fes, ya kai baki ya hure cikinsa, fuu, sannan ya zuba ruwa.

"Ai wankakke ne, Baba."

Tsohon ya yi dariya. "Ni ban yarda da wankin kowa ba. Ko kwalaben nan naki da suka zo a liƙe, babu wadda na cika ban fara hure mata ƙura ba."