Farin Fure a Gefen Hotonsa

Farin furen takarda ta gani manne a gefen hoton mijinta, hannunta ya tsaya cak a kan albam ɗin.

Tsarin Innarsu ne, wadda ta shekara ashirin tana kwaso ragowar takardu daga kamfanin kwali a Sharaɗa tana yanka furanni tana mannawa a hotunan albam ɗin gidansu: ja ga mai rai, fari ga wanda ya riga mu gidan gaskiya. Mijinta kuwa da safen nan ya sha kununsa ya tafi aiki kamfaninsu da ke Challawa.

"Ke kika manna wannan?" ta tambayi ƙanwarta.

"Haba Yaya, ni da ko almakashi ban iya riƙewa ba?"

Ta kai farce za ta ɓamɓare shi, sai ta lura duk ta hagu aka nannaɗe furen. Bahaguwa ɗaya aka taɓa yi a gidan nan, Inna, kuma tun bara hotonta ya samu nasa farin furen.

Ta taɓa gam ɗin. Bai bushe ba.

Can daga Challawa jiniyar kamfanin, wadda ba a kaɗa ta sai lokacin tashi ko in an yi hatsari, ta ɗauka, alhali saura awa huɗu a tashi daga aiki.