Hannun Mai Awara da Lambobi Uku

Tunda kai aka ba kujerar sa lambobin cututtuka a fayilolin asibiti, kuma na ji kana cewa cike-ciken takarda ne kawai, gyara zama in buga maka misali.

An yi wata mata mai sana'ar awara a wani ƙauye. Wata rana tana sauke tukunya, tsumman da ta kama ta da shi ya zame, ruwan waken suya mai tafasa ya kwaro mata a hannun dama. Aka yi na gida, ciwo ya warke. Sai dai da fatar ta tashi haɗewa, ta janye yatsu uku ta manne su da tafin hannu. Mai awara kuwa da hannu take matsa, da hannu take yanka, don haka sana'a ta tsaya cak. Ta koma ɓoye hannun cikin mayafi, in an tambaye ta ta ce ai ya warke, domin a ganinta tabo ba ciwo ba ne. Sai bayan shekara huɗu ƙaiƙayi da tsagewar fata suka kai ta babban asibiti. Likita, ga layi har bakin ƙofa, ya duba ya rubuta "ƙuna a hannu", ya haɗa ta da man shafawa. Saura ta bi ta ɗakin kati a sa wa fayil ɗinta lamba ta kama hanya, ga motar ƙauyensu ta ƙarshe da la'asar take tashi.

A ɗakin nan akwai wani dattijo mai sa lambobin, wanda abokan aiki ke wa laƙabi da Hawainiya saboda nawarsa, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Ya karanta takardar, ya dubi hannun da ke leƙowa daga mayafi, ya ce, "Baiwar Allah, yaushe kika ƙone? Da wuta ko da ruwa?" Ta ce, "Malam, shekara huɗu ke nan, ruwan awara ne. Don Allah ka sallame ni, mota za ta bar ni." Maimakon ya sallame ta, sai ya miƙe da fayil a hannu. Shi ba shi da ikon rubuta abin da likita bai rubuta ba, saboda haka ya je ya dafe ƙofar likitan har aka sake kiranta, aka dubi yatsun ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta komai dalla-dalla. Sannan ya dawo ya buɗe littafinsa mai kauri ya sa lamba uku: ɗaya ta tabon da ya janye yatsu, ɗaya mai nuna cewa wannan abin da tsohuwar ƙuna ta bari ne, ba sabon ciwo ba, ɗaya kuma ta ruwa mai tafasa. Kafin ya ɗiga aya mota ta tafi. Ta kwana a gidan wata 'yar garinsu ranta a ɓace, kuma da ta koma gida babu wadda ba ta ba labarin tsohon nan mai sanyin jiki ba.

Damina biyu suka wuce. Wasu likitocin tiyata masu sakin irin wannan tabo suka zo asibitin aikin mako guda, suka ce a ba su sunayen masu buƙata. Wa zai buɗe dubban fayiloli? Kwamfuta aka tambaya, ita kuwa lamba kaɗai ta sani. Waɗanda aka sa wa lambar ƙuna zalla suka saje da masu sabon ciwon da ya warke tuni, ba wanda ya waiwaye su. Sunan mai awara kuwa ya fito. Aka kira wayar ƙanenta da ke jikin kati, aka yi aiki, aka ɗebo fata daga cinyarta aka yi ciko. Bayan watanni tana motsa hannun tana cije leɓe, yatsu biyu suka miƙe sarai, na ukun ya ɗan rage taurin kai.

Awarar farko da ta matsa da hannunta, ƙunshe ta ta yi ta hau mota. Ta tarar dattijon ya yi ritaya, aka yi mata kwatancen gidansa, ta iske shi a zaure. Bai gane ta ba. Ta ajiye ƙunshin, ta fito da hannun daga mayafi, ta buɗe shi a gabansa tana hawaye. Ta ce, "Baba, na zage ka a zuciya, na kuma zage ka a gari. Ka yafe mini. Allah ya saka maka da alheri." Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce, 'yata. Ke ce dai kika fara zuwa da awara."

To, kai da ke son share teburinka kafin azahar, ka sani bayan kowace lamba akwai hannun wani. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, wani jinkirin alheri ne.