Sabon Yaɓe

Motar ɗaliban na tsayawa a Dodoru sai ɗaya daga cikinsu, 'yar garin, ta hango katangar gidansu a tsaye da sabon yaɓe.

Ita aka ɗora wa shirya wurin ɗaukar fim ɗinsu na kammala karatu, labarin mutanen da suka rage bayan duniya ta halaka. Ta babbake tsummoki, ta farfasa tukwane, amma kango ya gagara samuwa, har ta nuna musu hoton gidansu da damina ta rusa. Mahaifinta kuwa abin da ta faɗa masa kawai, baƙi za su zo daga Kalgo ɗaukar hoton gida.

Ga shi nan a bakin zaure, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmin aro.

Daraktan ya raɗa mata, “Malama, yau kaɗai muke da kyamarar nan fa. Ko a rusa katangar, ko duk mu faɗi jarrabawa.” Ya miƙo mata diga.

Tsohon ya riga ta kai hannu, yana murmushi.

“Kawo nan, ɗiyata. Ina ne ban gyara ba? Ai ba na bari ki ji kunya gaban abokan karatunki.”