Motar da Aka Ɓoye Bayan Gida

Ruwa na haye tayoyin jif ɗin amarya, injin ya yi tari biyu ya mutu a tsakiyar kwarin hanyar Kurudu. Sauran sababbin motocin suka ja birki, babu mai gigin shiga.

Baffan amarya yana can ƙarshen layi, cikin tsohuwar Fijo ɗin da ya shekara ashirin da bakwai yana zuwa ma'aikata da ita. Da safe yayarsa, gwaggon amarya, ta ja shi gefe ta ce, "Don Allah kai akwalar nan bayan gida, kar ta ɓata mana hoto." Tukwane aka loda mata.

"Hajiya, ruwa ya taɓa kwamfutar motar," direban jif ya ce wa gwaggo. "Sai an kirawo mai na'ura daga gari."

Dangin ango suna jira tun azahar, ga la'asar ta gota. Amarya ta fara kukan gaske, ba na al'ada ba.

Baffa ya fito daga layi. Ya sa giya ɗaya, ya keta ruwan a hankali, ya tsaya daidai ƙofar jif.

"Shigo, 'yata."

Gwaggo ta leƙo daga cikin jif. "Da wurin mutum ɗaya?"

"Akwai, Yaya. Sai dai hoton."

Yau hoto ɗaya ne rataye a falon amarya: tana fitowa daga Fijo, ko bakin laffayarta bai jiƙe ba, gwaggo na bayanta rungume da tukunya.