Kujerar Baturen Fata

"Ko ya sauko tabarma, ko mu kai fatunmu Damagaram," in ji Sarkin Fawa.

Ni na kawo Baturen Italiyan nan Maigatari, shekarar da motoci suka koma hannun dama, muka haɗa jari muna sayen fata. Wata uku yana karɓar dattawa yana bisa kujera, su suna ƙasa.

Na faɗa wa Baturen maganar Sarkin Fawa, ban rage komai ba. Ya dafa tebur ya fara durƙusawa, gumi na keto masa. Wandonsa ya ɗage, sai ga ƙafar katako, ɗaure tun daga cinya.

"Subhanallahi! Alhaji, riƙe shi!" in ji Sarkin Fawa, ya dube ni. "Me ya hana ka gaya mana?"

"Ranka ya daɗe, ni ma yau na gani."

Da Alhamis ta zagayo, ranar kasuwa, Baturen ya iso rumfa da kujerarsa, wadda ya sa kafinta ya datse wa ƙafafu. Ya tarar da dattawan nan kowa zaune bisa kifaffen turmi don su yi daidai da tsayin kujerarsa, suna jiransa.

Da ya zauna, sai ga shi yana kallonsu sama. Sarkin Fawa ya tuntsire da dariya, ya sunkuyo ya miƙa masa goro.