Minti Goma Sha Biyu na Malam Gazali

Kwana uku ke nan gonar shinkafar Mode ba ta sha ruwa ba. Sandar injin ban-ruwansa ta karye, ƙasa har ta fara tsagewa. Ya ɗauko guntayen daga Wamakko, ya nufi shagon Junaid mai feƙe ƙarfe a Ƙofar Rini.

Ya tarar da Junaid hannu naɗe da bandeji, injin feƙe ƙarfensa ya tsage masa yatsu jiya. Kusa da shi wani dattijo na zaune, fes da shi, ya zo dubiya.

"Baba Mode, ka taki sa'a," in ji Junaid. "Wanga Malam Gazali ne. Shekara ashirin da biyu yana koyar da aikin ga a makarantar sana'a. Duk mai feƙe ƙarfe a garin ga ɗalibinai ne."

Junaid ya lallaba da hannu guda ya ɗaura sabon ƙarfe a bakin injin. Malam ya zaro alli daga aljihu, ya fuskanci bango. Zurfin yanka kaza, tafiyar wuƙa kaza, gudun juyawa kaza. Ya ninka su, ya fitar da yawan ƙarfen da injin zai ci a minti ɗaya.

"Minti goma sha biyu an gama," ya ce.

Mode har da hamdala. Bai san ko ɗaya cikin lambobin ba, amma dai sun yi kyau a bango.

Malam ya sake lissafin, ya fito daidai. Ya naɗe hannun riga a hankali, kada baƙin mai ya taɓa. Tafin hannun nan sumul, kamar na jariri. Ya zagaya injin, ya leƙa ƙasa, ya shafa gefe. Ya sake zagayawa.

"Ka ga manya," Junaid ya raɗa wa Mode. "Ba su gaggawa."

Aka kira la'asar, aka yi, aka dawo. Motar ƙarshe ta ƙauyensu Mode ta kusa tashi. Ya durƙusa.

"Malam, don Allah, shinkafata. In ta kai gobe, ta ƙone."

Malam Gazali ya dube shi. Sai ya ajiye allin, ya matsa kusa da ɗalibinsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Junaidu, injin makaranta har na yi ritaya yana cikin akwatinsa. Ta ina ake kunna shi?"