Faifan Kaka a Bango

Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ta yammacin nan a gidanmu na Tsafe. Inna ta ɗauko faifan da mahaifiyarta ta saƙa, wanda gara ta kusa cinyewa. Ta shafa masa shuni, ta danna shi a sabon bangon ɗakinta. Faifan ya ruguje a hannunta, amma zanensa ya zauna, shuɗi, zagaye cikin zagaye, kamar wata ya sauko ɗakinmu.

"Kin gani, 'yar nan? Yanzu gara ba ta iya mana komai."

Sai Baba ya ɗaga labule.

"Wa ya ɓata mini bango?"

"Malam, hannun Innata ne. Shi kaɗai ya rage mini."

"Baƙi na tafe. A shafe shi."

Da hannunta ta shafe, ba ta yi kuka ba.

Yanzu ina buga zanen faifai a kan takarda a Gusau. Masu hali na saye, su rataye a falo don baƙi su yaba. Na buga iri-iri, amma zanen tsakiyar faifan Kaka ya ƙi dawo mini a rai.